Ranar da Aka Taka Ciyawar Norbert

Mu mutanen Otter Bend, nan kudancin Indiana, muna da wata lalura da ba likitan da ya san maganinta. Mukan shuka ciyawar da ba akuyar da za ta ci, mu yi ta ɗura mata ruwa da taki don ta yi tsawo, ranar Asabar kuma mu fito da inji mu aske ta saboda ta yi tsawon. Kowa a layinmu yana da rabonsa na wannan ciwo, har da mai ba ku labari. Amma wanda abin ya kwantar gaba ɗaya shi ne Norbert Kessler.

Tun da Norbert ya yi ritaya daga sayar da kayan gyaran tarakta, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya zuba a filin bayan gidansa. Kuma a faɗi gaskiya, filin ya yi kyau. Shimfiɗe yake kore shar kamar sabuwar darduma, sai dai ba a takawa. Akwai ɗan allo kafe a bakinsa mai cewa a bi ta gefe. Matarsa Darlene ta san lungun da take raɓawa ta shanya kaya. 'Yarsu tilo, Marcy, tun tana tatata a kan simintin ajiye mota ta yi wasanta, in ta gaji ta tsallaka gidan maƙwabcinsu Duane Pruitt, wanda filinsa rabi ciyawa ne, rabi abin da iska ta kawo.

Ga shi da baki. Norbert yakan ce shi da ciyawa hira suke yi. Yakan ce wata shekara masu kula da filin wasan gwalf sun zo takanas su roƙi sirrinsa. Darlene ta ce ɓatan hanya suka yi, tambayar gidan mai suka tsaya yi.

Ranar da Marcy ta kawo saurayinta Curtis Lindgren da mahaifiyarsa Gladys cin abincin rana don a tsayar da maganar biki, Darlene ta ja mijinta gefe ta ce, "Norb, don Allah yau ka ci abinci da bakin nan, kada ka yi wani aikin da shi."

Ya yi biyayya har aka cinye kaza. Sai Gladys ta ce ta yi magana da mutanen cocinsu, za a ba su zauren taro, akwai fanka, akwai rufi ko da ruwa zai sauko.

"Zaure?" in ji Norbert, ya ajiye cokali. "Inda ake gwanjon tsofaffin riguna duk ƙarshen wata? Gladys, leƙa ta tagar nan ki gaya min abin da kika gani."

Gladys ta leƙa. "Ciyawa," in ji ta.

"Ciyawa tana gidan Duane. Wannan kuwa aikin shekara talatin ne. A nan za a ɗaura auren 'yata, a ƙarƙashin bishiyar can."

Marcy ta dube shi da mamaki. "Baba, ka san fa mutanen da ƙafafunsu za su zo. Takawa za su yi."

Norbert ya ce, "Na yini ɗaya ne. Ni zan riƙe hannunki in taka da ke tun daga bakin ƙofa har gaban fasto, kuma ko tsinke ba zai taɓa rigarki ba. Ga surukai nan shaida."

Idon Marcy ya kawo ruwa. Norbert yana son yarinyar nan kamar ransa, amma bakin da ya ƙware a kuri bai taɓa iya faɗin wannan ba. Filin shi ne abin da ya fi ji da shi a duniya, shi ya sa ya ba ta. Darlene kuwa ta tashi tana kwashe kwanuka tana cewa a ranta, baki shi ke yanka wuya.

Biki ya rage 'yan makonni, wata safiya Norbert ya fito baranda da kofin gahawarsa, sai ya hango wani tsibin baƙar ƙasa a kusurwar fili, daga jikinsa kuma wani layi ya kumbura ya yi gaba kamar jijiyar hannun tsoho. Ba sai an gaya masa ba. Makahon ɓera ya iso. Mu dai haka muke kiransa, amma ɗan'uwan jaba ne, bai fi tafin hannu ba, ba idon kirki, hannuwa biyu kamar ƙananan shebur. Ba ruwansa da ciyawa, tana yake bi a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk garin ba inda tana ta yi ƙiba kamar filin da Norbert ya shekara talatin yana shayarwa.

Duane ya jingina da shingen 'yan furanninsa, karensa Biskit na gefensa yana kaɗa wutsiya.

"Ka yi baƙo, Norb."

"Baƙon kwana ɗaya ne. Ka manta na yi soja?"

"A kicin ka yi sojan."

"Kicin ɗin ma ka je ka tambaya ko an taɓa ganin ɓera a zamanina."

"Ni dai da nawa ya zo ƙyale shi na yi, da ya gaji ya ƙara gaba. Ko ka kira masu ɗana tarko su cire maka shi."

"In kira wani ƙato ya shigo min fili da takalmansa? Ba ni zuwa Laraba, zan kawo maka wutsiyarsa ka yi wa karenka abin wuya."

Ya nufi gidan gahawar da tsofaffin gari ke taruwa kullum da hantsi, wai ba shawara ya zo nema ba, ya zo ne ya ji irin kuskuren da jahilai ke yi. Mu da muke zaune a teburin nan ba wanda ya taɓa kama makahon ɓera ko sau ɗaya, amma kowa da maganinsa a aljihu. Wani ya ce cingam, in ya haɗiya cikinsa ya toshe. Mai aski ya ce gashin mutum, warinsa ba ya bari su zauna. Wani ya ce 'yan fankokin roba na wasan yara, a kafa su a ƙasa, ƙarar juyawarsu tana haukata shi. Norbert ya saurara yana taɓe baki, ya ce duk camfi ne. Yana fita ya tsaya kanti ya sayi cingam kwali guda, ya biya shagon aski ya karɓi buhun gashi.

Yini ya yi a baranda yana tauna yana cusawa a rami, yana tauna yana cusawa, har muƙamuƙinsa ya sage. Da la'asar Darlene ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Norb, ina haƙorinka na roba?"

Ya taɓa da harshe, ya ji wawulo. Ya dubi ramukan da ya riga ya toshe, sun fi a ƙirga.

"To madalla," in ji Darlene. "Da can hannu kawai yake da shi, yanzu ka ƙara masa haƙori."

Gashin kuwa iska ce ta yi rabonsa. Rabi ya tafi sheƙar tsuntsaye, rabi ya sauka a kan naman da Duane ke gasawa. Fankoki suka fi komai jawo jama'a. Da ya kakkafa su ja da rawaya da shuɗi, masu wucewa suka ɗauka gwanjon kayan gida ake yi, motoci suka yi ta tsayawa. Wata mata ta taya injin yankan ciyawarsa, wani tsoho ya nemi a rage masa kuɗin kujerar da Norbert ke zaune a kai. Laraba ta zo ta wuce. Tsibin ƙasa ya hayayyafa, ɗaya ma a gindin fanka ya fito, ya ture ta gefe.

"Ina wutsiyar?" in ji Duane.

"Wace Larabar na ce maka?" in ji Norbert.

Daga nan ya ce wasa ya ƙare. Ya jawo a-kori-kurarsa da baya har bakin fili, ya ɗaura mesa a salansa, ya cusa ɗaya bakin cikin rami, ya tayar da mota ya danne totur da bulo. Ya tsaya hannu a ƙugu yana bayani ga 'yan kallon da suka taru a bakin titi, wai haka ake yi wa abokan gaba a filin daga. Can sai fili ya fara numfashi. Hayaƙi ya ɓullo ta nan, ya ɓullo ta can, ya fito ta gindin tumatirin Duane, ya turnuƙe fararen mayafan tebur da Darlene ta aro daga coci ta wanke ta shanya saboda biki. Wata maƙwabciya ta hango ta taga, ta ɗauka gidan Kessler ne ke ci, ta kira 'yan kwana-kwana.

'Yan kwana-kwanan garinmu 'yan sa-kai ne, kuma sun daɗe ba su samu gobara ba. Suka dira da jiniya da ƙatta-ƙattan takalma, suna jan mesa mai kaurin cinya. Norbert ya sha gabansu yana ɗaga hannu.

"Ba wuta ba ce. Ku bi ta gefe, don Allah ku bi ta gefe, ba ku ga allo ba?"

Ba wanda ya ga allo. Sai da suka zagaye filin suka tabbatar ba abin kashewa sai motar Norbert, sannan shugabansu ya zare makulli ya miƙa wa Darlene, ya ce ta ajiye a inda yara ba za su kai ba.

Duane ya tsinko tumatir ɗaya ya shinshina. "Norb, kai kaɗai na sani da ya yi wa tumatir banda tun yana jikin uwarsa."

"Ai ka ga ramukan sun kai gidanka," in ji Norbert. "Ashe daga wajenka ya fito. Ban ma ce ka biya ni ba."

Da hayaƙi ya ƙi, sai ya koma ruwa. Ya zura mesa a babban rami tun safe, bai kashe famfo ba sai da rana ta yi sanyi. Ƙasa ta sha, ta ƙoshi, ta fara amai. Norbert ya zo gidan gahawa yana tafiyar ƙasaita, ya ce mana a yi wa Makaho addu'a, ya nutse shi da zuriyarsa. Muka taya shi murna, don mu ma ba mu san abin nan ya iya iyo ba. Ashe ruwan bai yi komai ba illa ya kore shi daga kusurwa ya maido shi tsakiyar fili, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Kashegari sai ga tsibi a jere, tun daga bakin ƙofar baya har gindin bishiyar da fasto zai tsaya.

"Kai, wannan makahon ya fi ka ido," in ji Duane. "Dubi yadda ya auna maka hanyar amarya."

A ranar Marcy ta bugo waya daga birni inda take aiki. Darlene ta riga ta tsegunta mata.

"Baba, Gladys ta ce zauren coci yana nan har yanzu. Ba abin kunya ba ne. Ni dai in ga kana riƙe da hannuna, ko a gareji ne."

Ƙofa ce aka buɗe masa, har da shimfiɗa. Norbert ya dubi filin ta taga, ya tuna fuskar Gladys lokacin da ta ce "ciyawa."

"Wane zaure kuma? Wa ke kai miki gulma? An gama da shi tun jiya, gyaran fuska kawai ya rage."

Darlene ta ce, "Wanda bai ji bari ba," ta bar sauran a cikinta.

Yanzu kuma kwanto ya koma yi. Ya ɗauko cokalin lambu mai haƙora huɗu, ya tsugunna a bakin iyakarsu da Duane yana jiran ƙasa ta motsa. Ya daɗe har ƙafarsa ta yi sanyi. Da ya ga kamar wani abu ya motsa, sai ya daka tsalle ya caka iya ƙarfinsa, ya ji ya tsinka wani abu, ya ɗago da murna. Waya ce. Wayar nan ce da Duane ya binne kewaye da gidansa, wadda in Biskit ya matso kusa abin wuyansa ya yi ƙara ya ɗan ja shi da lantarki, ya koma. Biskit ya matso, ya saurara, bai ji komai ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a kan ciyawar Norbert, ya dubi maigidansa, ya dubi Norbert. Sai ya shiga da gudu.

Abin da makahon ɓera ya yi makonni yana yi, kare ya ninka shi kafin a tafasa shayi. Ya shinshina nan ya tona, ya shinshina can ya tona, ƙasa na tashi ta tsakanin ƙafafunsa. Norbert na bin sa da cokali yana ashar da bakinsa mai wawulo, Duane na bin Norbert yana cewa a yi hankali da karensa.

"Tun yana ɗan kwikwiyo yake kallon filin nan yana haɗiyar miyau," in ji Duane da suka kama shi. "Kai ka buɗe masa."

Garin gyaran gira an rasa ido. Ana gobe biki filin Norbert ya koma kamar inda aka yi kokawar shanu. Amma mutumin naku bai sare ba. Ya karɓi makullin mota da lallashi, ya je ya sayo ciyawar nan da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, ya shimfiɗa a kan taɓo da ramuka. Inda ba ta kai ba ya feshe da koren fenti. Mai kanti ya ce masa fentin yana son yini biyu na rana kafin ya bushe, Norbert ya ce wannan ga 'yan koyo ne. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Daga nesa, in ka kanne ido ɗaya, sai ka rantse ba abin da ya taɓa faruwa.

Ranar biki gari ya yi kyau, ba ko gajimare. An jera fararen kujerun ninkewa, an kafa sandunan ƙarfe a gefen hanyar amarya, kowanne da kwandon furanni a rataye. Norbert ya sha kwat, ya tsaya a bakin fili yana tarbar baƙi da murmushin rufe baki, yana cewa, "Ku taka a hankali, ba a saba mata ba."

Mata masu takalma masu tsini su suka fara ganewa. Kowace ta taka sai dunduniya ta lume, ta zaro ta kore. Sannan kujeru. Da jama'a suka zazzauna, sai sahu ya fara karkata, wani ya yi hagu, wani ya yi dama, kowa na yin kamar haka yake son zama. Gladys, uwar ango, tana sahun gaba da faffaɗar hularta. Ƙafafun kujerarta na baya suka dinga nutsewa sannu a hankali, ita kuma ta ƙi motsi don mutunci, har ta koma tana kallon sama.

"Gladys, lafiya?" in ji Darlene.

"Lafiya lau. Rufin zauren nake dubawa," in ji Gladys.

Aka sa kiɗa. Norbert ya riƙo hannun Marcy, suka fito daga ƙofar baya. Ƙasa na lotsawa a ƙarƙashinsu, gefen farar rigarta na shan fenti, amma yarinyar ba ta ko dubi ƙasa ba, ta ƙanƙame hannunsa tana murmushi. Ya kai ta gaban Fasto Ebersole, ya miƙa wa Curtis, ya koma ya zauna kusa da Darlene yana haki. Ya raɗa mata, "Kin gani? Wa ya ce ba zan iya ba?"

Fasto ya yi addu'a, ya yi ɗan wa'azi, ya zo wurin tambayar nan da ake yi a kowane aure, wadda ba a taɓa amsawa ba. Ya ce in akwai wanda ya san wani dalili da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya yi magana yanzu, ko kuwa ya kama bakinsa har abada. Wuri ya yi tsit.

A cikin shirun nan, daidai tsakanin takalman fasto, sai ciyawa ta kumbura. Ta ɗaga, ta tsage, baƙar ƙasa ta fara tuttuɗowa a hankali. Sahun gaba ya gani, sahun baya ya miƙa wuya.

"Ga mai magana nan," in ji Duane daga baya.

Darlene ta damƙi hannun rigar mijinta. "Norb, zauna. Don girman Allah zauna."

"Shi ne, Darlene," in ji Norbert. "Ban taɓa samunsa a fili haka ba."

"Auren 'yarka ake ɗaurawa."

"Ai saboda ita ne."

Ya fizge, ya tumɓuke sandar ƙarfe ta kusa da shi da kwandon furanninta, ya yi gaba a sunkuye.

"Fasto, ɗaga ƙafarka ta hagu. Ci gaba da karatunka, kada ka kula ni."

Fasto ya ɗaga ƙafa, don bai san abin da zai yi ba in ba haka ba. Norbert ya ɗaga sanda da hannu biyu ya luma ta har rabi. Aka ji ƙas. Shi da kansa ya binne bututan ban-ruwan filin nan, kuma ya sha gaya mana ko a mafarki ya san inda kowane yake. To, babban cikinsu a nan yake.

Ruwa ya yi tsiri sama har ya taɓa rassan bishiya, ya dawo kan fasto da littafinsa da ango da amarya. Jama'a suka miƙe a guje, tabarmin ciyawa suka zame a ƙarƙashinsu, masu kwat suka dinga zubewa a kan masu leshi. Kujerar Gladys ta ƙarasa tafiyarta. Biskit, wanda har yau ba a gyara wayarsa ba, ya ji ana shagali ya shigo ya nufi teburin abinci. Norbert ya yi yunƙurin toshe bututu da ƙafa, ƙafar ta shige rami har gwiwa, ya zauna daɓas a cikin taɓo, kwandon furanni a cinyarsa. Can gefe, wajen gindin allon nan, wani ɗan hanci ja ya leƙo daga ƙasa, ya shinshina, ya koma abinsa. Wannan shi ne kawai ganin da Norbert ya taɓa yi wa abokin gabarsa.

Duane ya je ya kashe ruwan. Shiru ya dawo, sai ɗigar ganye.

Norbert ya ɗaga kai ya ga Marcy. Rigar da ya ce ko tsinke ba zai taɓa ba ta jiƙe sharkaf, kore har gwiwa. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Nan ya ji zuciyarsa ta tsinke, wani baƙin ciki ya rufe shi irin wanda bai taɓa ji ba. Abu ɗaya ya taɓa yi mata alkawari a gaban mutane, shi ne wannan.

"Marcy," in ji shi, kurin duk ya zube. "Na ɓata miki rana. Da na ji maganarki. Tsohon banza ne ubanki, da shi da bakinsa."

Ta sauke hannu. Dariya take yi, har da hawaye, ta kasa tsayawa sai da ta dafa Curtis. Ta sunkuya ta cire takalmanta ta wurgar, ta lume yatsun ƙafarta cikin ciyawa da taɓo.

"Baba, ka san tun yaushe nake son in yi haka? Tun ina leƙen filin nan daga kan siminti. Kullum sai in ce ko yaya take a tafin ƙafa." Ta miƙa masa hannu. "Tashi. Ba a gama ɗaura min aure ba, kuma kana da rawa da ni."

Fasto Ebersole ya matse gemunsa ya ce tun da mai ƙorafin ya janye, za a ci gaba. Aka ɗaura aure a tsaye, kowa ba takalmi, har Gladys, wadda ta ce a zauren coci dai ba a taɓa yin bikin da za a daɗe ana labarinsa haka ba, kuma ba yabo take yi ba. Yara suka bazu suna tsere a filin da iyayensu suka girma suna zagayewa.

Da aka sa kiɗan rawar uba da 'ya, Marcy ta nuna ƙafarsa. Norbert ya tsaya jim, sannan ya sunkuya ya kwance igiya, ya cire takalmi da safa. Shekara talatin yana yanka ta, yana ba ta ruwa, yana korar mutane a kanta, bai taɓa ɗora mata fatar ƙafarsa ba. Ya taka, ya sake takawa.

"Ashe laushi gare ta," in ji shi a hankali.

"Ai Makaho ne ya yi maka kaftu," in ji Darlene.

Norbert ya gyara wuyan kwat ɗinsa mai ɗigar ruwa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To wa kuke tsammani ya horar da shi?"

Karo na farko ke nan da ya riga mu yin dariya, wawulo a waje, bai rufe ba. Ya kama hannun 'yarsa suka shiga tsakiyar fili.